Rumbun Ƙarfe Mai Baki a Ƙasa

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta fara tatsuniya sai an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo. A shekarun da nake magana kuwa, sau da yawa babu kwanukan da za a kwashe, sai dai a yi sallar kawai a zo a zauna. Damina biyu a jere ta ƙi mu a ƙauyenmu da ke kan hanyar Kunci. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya yana jiran ruwa har ya bushe a tsaye. Duk da haka Iya ba ta fasa ba. Takan tara karan dawa a murhun tsakar gida ta hura wuta, mu kewaye ta, ni da ƙanwata Hanne da 'ya'yan maƙwabta, wai don kada mu kwanta muna sauraron cikinmu. Ni take kira angonta, kuma kullum sai ta ce ba ta taɓa ganin angon da ba ya kawo cefane ba sai ni.

Abu ɗaya ya rage mana a gidan da ba a taɓawa, shi ne iri. Wani gajeren gero ne mai saurin nuna, wanda Iya ta zo da shi daga gidan ubanta tun tana amarya, kuma shi kaɗai ya ɗan ba mu wani abu a waɗannan shekaru. Baba ya zaɓi zangarniyun da suka fi cika, ya ɗaure su dami-dami, ya ajiye a rumbun ƙasa na bayan ɗaki. Kowa ya san cewa idan irin nan ya kai ranar shuka, mun tsira da gonarmu. Idan bai kai ba, sai mu bi sahun waɗanda suka toshe ƙofar gidajensu da ƙaya suka tafi birni.

Rumbun nan ba ya buɗuwa cikin sauƙi. Bakinsa a can sama yake. Kafin a ɗebi komai sai an aro tsani a gidan maƙwabcinmu Malam Isa, mutum biyu su ɗaga jinkar, ɗaya ya zura jiki ciki ya miƙo dami. Kafin a gama, rabin unguwa ta san gidan wane sun buɗe rumbu, wanda ya shiga kuma ya ga da idonsa abin da ya rage. Mun sha mita a kan wannan wahala. Ni da nake yaro har cewa nake wanda ya fara gina rumbu ba ya son mutane.

Ana nan sai ga malamin gona a kan babur, wata mota na biye da shi ɗauke da rumbunan ƙarfe guda uku, kyauta, a gwada a ƙauyenmu. Aka zaɓi Baba cikin waɗanda za a ba, saboda an san shi da ƙwazon noma. Abin sha'awa ne, ba zan ɓoye ba: farin kwano ne yana ƙyalli, ɓera ba ya huda shi, gara ba ta hawansa. Ana zuba hatsi ta sama a rufe ruf. A ƙasa kuma, daidai gwiwar yaro, an yi masa ɗan baki mai marfi. Ka ja marfin hatsi ya zubo, ka mayar ya tsaya. Malamin gona ya ja ya mayar ya fi sau goma yana murmushi.

"Ka gani, Malam Audu?" ya ce wa Baba. "Ko yaro ɗan shekara biyar zai iya. Ba tsani, ba kiran maƙwabta." Ya nuna wani ɗan kunne a jikin marfin, ya ce a nemi kwaɗo a kulle.

Baba bai kulle ba. Da Malam Isa ya tuna masa, sai ya ce, "Wa zan kulle wa? Uwata ko matata?" A wurinmu, sa kwaɗo a cikin gida daidai yake da ka tsaya a tsakar gida ka kira iyalinka ɓarayi.

Rumbun ƙarfe ba ya karɓar dami, sai tsaba, don haka aka sauko da iri za a sussuka. Nan Iya ta tsaya a ƙofar ɗakinta, ba ta shiga ba, ba ta fito ba. Baba ɗan farinta ne, ita kuwa ta mutanen da ce: ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi magana ido da ido. "Wancan" take ce masa, saƙonta kuma ta bakinmu yake bi. Ta kira ni ta ce, "Je ka ce wa wancan, ba a sussukar iri sai an ji ƙamshin ruwa." Na je na faɗa. Baba ya ce, "Ka ce mata ɓera ya ci mana kusan rabi bara. Mutanen nan sun yi karatun abin." Na koma na faɗa mata. Ta ce, "To." Iyakar gardamar ke nan, kuma ɗan shekara tara ne ya kai ta ya komo da ita.

Da aka hura wuta a ranar, Baba na zaune a ƙofar zaure yana gyaran ƙotar fartanya, inda magana za ta iya kai masa. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan ta taho daga nesa, ku matsa mata."

Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta zauna, mun ba ta wuri."

Wai an yi wani gari da rijiyarsu ke da zurfin gaba arba'in. Mutum ɗaya ba ya iya jawo guga, sai biyu. Don haka ba mai ɗiban ruwa a ɓoye, ba kuma mai ɗiban abin da ya wuce bukatarsa, tunda tafin hannunsa ne zai yi kanta. Mutanen garin kullum cikin ƙorafi suke. Sai ga wani baƙo mai wayo, ya ce shi zai raba su da igiya. Ya sa aka haƙa gangare tun daga bakin kasuwa har zuwa kan ruwan, yadda ko akuya za ta taka ta sha ta dawo. Aka yi kwana uku ana kiɗa, sarkin garin ya ba shi doki da riga.

Iya ta tura kara a wuta ta dube ni. "To, angona, me ka ga an yi da ruwan?"

Na ce, "An sha."

"An sha. An kuma wanke jaki. An yayyafa wa tsakar gida don ta yi sanyi. Wannan ta ce ai ƙwarya ɗaya ce kawai, wancan ya ce ai buta ɗaya ce kawai. Ku ji da kyau, ba mugu ko ɗaya a garin nan. Duk mutanen kirki ne masu salla."

Kafin damina rijiya ta ƙafe. Aka tashi samari su kamo baƙon, suka tarar da shi a gari na gaba yana haƙa wani gangaren. Mutanen can suka ce, ai dokin da rigar da kuka ba shi su suka sa muka yarda da shi.

Hanne ta ce, "Sai aka yi yaya, Iya?"

"Sai aka yi ƙishirwa. Tatsuniya ta tashi ta kama hanya, kowa ya riƙe abin da ta bar masa."

Muka yi ta ƙunƙuni, don tatsuniyar ba waƙa, ba kura, ba abin dariya. Na ga Iya ta juya ta kalli ƙofar zaure. Wurin wayam. Baba ya daɗe da shigewa, domin tatsuniya abin yara da mata ne, magidanci ba ya zama ya saurara.

Bazarar shekarar nan ta yi tsawo. Muka ci dusa, muka ci garin rogo, muka ci busasshiyar rama ba ƙuli ba mai. Wata rana da tsakar rana, kowa na kwance a inuwa don rashin ƙarfi, na bi ta bayan ɗaki na tsaya gaban rumbun. Wallahi ban yi niyyar komai ba, hannuna ne kawai ya je kan marfin. Gero ya zubo ya cika tafina. Na tsuguna na tauna shi ɗanye, kuma har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Na ce daga wannan shi ke nan. Bayan kwana biyu na koma.

Abin da ya ruɗe ni shi ne, ƙarfe ba ya nuna cikinsa. Duk ranar da na ja marfin, da ƙarfi ɗaya geron yake zubowa, sai na ce wa raina ai cike yake, cikin tafin yaro me zai rage masa? Da na ƙwanƙwasa jikinsa da na ji gaskiya, amma ban taɓa yarda na ƙwanƙwasa ba.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba da yamma. Washegari da asuba Baba ya kawo babbar ƙwarya ya ajiye a ƙarƙashin bakin, ya yi bisimilla ya ja marfin. Gero ya zubo, ya zubo, sai ya tsaya. Ƙwaryar ba ta kai rabi ba. Ya buga jikin rumbun da tafinsa, ƙarar ta amsa tun daga sama har ƙasa. Duk muna tsaye, ni da Inna mahaifiyarmu da Hanne, Iya kuma a ƙofar ɗakinta. Na jira ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Bai tambaya ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya tafi gona shi kaɗai.

Abin da ke ciki bai wuce shukar 'yan kunyoyi ba. Sauran gonar ya cike ta da wata dawa da ya roƙo wajen dangi a Watari, mai son doguwar damina, ruwa kuwa ya ɗauke mata tun ba ta fid da kai ba. Ana cikin haka malamin gona ya dawo ya ga yadda rumbun yake. Ina tsaye Baba ya ce masa, "Alhamdu lillahi, yana aiki sosai. Allah ya saka da alheri." Ba a kushe kyauta a gaban mai ita. Shekara na zagayowa aka raba irin wannan rumbu a ƙauyukan da ke kewaye da mu.

Iya ba ta ƙara hura wutar tatsuniya ba. Ta rasu kafin kaka, jikinta ya koma kamar na yarinya. Da rani Baba ya toshe ƙofar gidanmu ya kai mu birni, ya kama tura kurar ruwa, bai sake riƙe fartanya ba har ya koma ga Allah.

Na yi shekara fiye da talatin ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ina ganin ni na cinye gonar ubana. Sai da Inna ta tsufa a gidana na samu ƙarfin gaya mata. Da na gama, sai ta ce, "Habu, cikin tafinka nawa yake? Ni ma na ɗiba, lokacin da Hanne ke zazzaɓi, na dama mata kunu. Babanku ma ya ɗiba, duk sa'ad da ƙanensa ya zo da ido jajur. Ina jin ƙarar marfin. Shi ya sa bai tambaya ba."

Na ce, "Iya fa?"

"Ita kaɗai ce ba ta taɓa zuwa wurin ba. Rabonta na dusa ma ku take tura wa."

Na so a ce maganar nan ta sauƙaƙa mini, amma ba ta yi ba. Da, mutum ɗaya nake zargi. Yanzu ba ni da wanda zan zarga, kuma wannan ya fi ciwo. Tsanin Malam Isa da muke tsine wa, da idon maƙwabta da muke jin nauyinsa, ashe su ne suke tsare mu daga hannayenmu. Wanda ya zana rumbun ƙarfe ya yi tunanin ɓera da gara, ya yi tunanin wahalar hawa, amma bai taɓa kwana da yunwa kusa da abincin da aka ce kada ya taɓa ba.

Ni yanzu mai walda ne a Rimin Gado, kuma rumbun ƙarfe na cikin abin da nake ƙerawa. Na taɓa yin guda ɗaya yadda raina yake so, ba baki a ƙasa, sai an hau an buɗe ta sama, mutum biyu su ɗaga marfin. Ya shekara biyu a ƙofar shago. Duk manomin da ya zo sai ya zagaya shi ya ce, "Malam Habu, ka manta bakin." Nakan ba su labarin rijiyar Iya, su yi dariya su ce tsohuwar nan ta iya tatsuniya, su wuce shago na gaba. Daga ƙarshe na gaji, na ɗauko abin yanka na fasa masa baki a ƙasa. Bai kwana a shagon ba. Wani mai 'ya'ya shida ne ya saya, ya ce iri zai zuba.