Norman Hollinrake, Kocin da Ya Jefa Tawul

Ranar Alhamis, 13 ga Maris, 2008, da ƙarfe goma da minti arba'in na safe, Allah ya yi wa Norman Hollinrake rasuwa a wani asibiti da ke Cheras, nan Kuala Lumpur. Shekararsa hamsin da shida da wata huɗu. Matarsa, Anti Rosalind, ce kaɗai a ɗakin. Ni ina waje kan benci, saboda haka lokacin da na rubuta daga takardar likita na ɗauko shi. Kwana uku kafin nan, ranar Litinin da ƙarfe bakwai da kwata na safe, yana naɗa wa wani ɗalibi bandeji a hannu sai ya zauna a ƙasa, bakinsa ya karkace. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. An binne shi ranar Asabar.

Sunana Haggai Danladi, mutumin Kagoro. A watan Oktoba na gama digirina na kwamfuta. Shekara biyu ina zuwa wurin koyon damben zamani da marigayin ya buɗe a saman wani shagon taya a Sri Petaling, inda mu 'yan Najeriya muke kiransa Baba Koci. Ban taɓa shiga fili na yi dambe da kowa ba. A mako na biyu ya lura ina rufe ido tun kafin naushi ya iso, sai ya miƙo mini agogo ya ce, "Kai ba za ka doki kowa ba, amma na ga ba ka ƙarya. Riƙe mana lokaci." Tun daga ranar nake buga ƙararrawa.

Zan faɗi tarihin sana'arsa yadda na gani a rubuce. A watan Disamba ya ba ni wani gwangwanin biskit cike da yankakkun jaridu da takardun gasa, ya ce in ɗauki hotonsu in aika wa 'yarsa Janet a Ingila. An haife shi a garin Hull a watan Nuwamba na 1951. Ya zama ƙwararren ɗan dambe a 1972, a ajin matsakaicin nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo saba'in da biyu da rabi ba. Da rana yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, da yamma yana atisaye. Ya yi dambe talatin da takwas: ya ci ashirin da huɗu, an cinye shi goma sha biyu, biyu kuma aka tashi babu wanda ya ci. Sha ɗaya na farko duk shi ya ci, a jere. A 1976 ya nemi kambun yankinsu bai samu ba, saboda girarsa ta fashe alƙalin wasa ya tsayar. Ya samu a 1978, ya riƙe wata bakwai. Sau uku ya yi dambe a ƙasar waje, ɗaya a Denmark biyu a Italiya, duka aka cinye shi, kuma a biyu daga ciki ana saura kwana biyar aka kira shi. Bai taɓa zama zakaran ƙasarsu ba, bai kuma taɓa cewa ya zama ba. In sabon ɗalibi ya tambaye shi, sai ya ce, "Na dai taɓa dukan wanda ya taɓa dukan zakara."

Baba Koci, ba ka da yawan magana, amma ka san wanda bai ci abinci ba. Kana kallon yadda mutum ke tsallen igiya sai ka ce, "Ka yi makan?", wato ka ci abinci, da yaren Malesiya. Kafin ya amsa ka riga ka nufi mamak, shagon abincin da ke ƙasan benen, da shi. Da wata ɗaliba, Glory, ta ce tana so ta koya, wasu mazan suka yi dariya, kai kuwa ka ɗauko safar hannu mafi kyau ka ɗaura mata da kanka. A watan azumi kakan mayar wa Musulmi atisayensu bayan shan ruwa ba tare da kowa ya roƙa ba. Hausar da ka iya ba ta wuce kalma shida ba, kuma biyu daga ciki su ne "ɗaga hannu".

Waɗannan kalmomi biyu saboda Yaya Ubale ka koye su. Ubale injiniya ne, yana digiri na biyu a wata jami'a da ke Jalan Semarak, ɗan gidan mahauta daga Ƙauran Namoda. Mahaifinsa ya yi tashe a damben gargajiya, shi ma ya taso a cikinsa. Ranar da ya fara zuwa ya tsaya irin tsayuwar gida: hannun hagu a miƙe a buɗe kamar garkuwa, na dama a can baya yana jiran kisa. Ka zagaya shi sau biyu kana kallo, sannan ka ce, "Wannan hannun dama zai rusa katanga. Amma wa ka bar wa gadin fuskarka?" Wata goma sha huɗu kana fama da shi kan ya kare haɓarsa. Duk mun san a cikinmu shi ka fi so, ko da yake shi ka fi yi wa faɗa.

Ranar Asabar, 24 ga Nuwamba, 2007, da la'asar, aka yi gasar 'yan koyo a wani zaure kusa da Bukit Jalil. Ubale ya haɗu da wani ɗan sanda Bamalaye, turmi uku, kowane minti biyu. Ya ci turmin farko sarai. Ana saura daƙiƙa goma a tashi na biyu hannunsa ya sauka, naushi ya same shi a gefen kunne. Bai faɗi ba. Amma da aka buga ƙararrawa sai ya nufi kusurwar abokin karawarsa, sai da alƙalin wasa ya juyo da shi. Ina tsaye kusa na ji ka tambaye shi wace rana ce yau, ya yi dariya bai amsa ba. Ka bar shi ya fita turmi na uku, kana kallon ƙafafunsa. Da daƙiƙa arba'in da ɗaya ka jefa tawul cikin fili.

Ya kamata in yi wa wanda bai san damben gida ba bayani. A can, mutum ba ya shan kaye sai hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ba a fitar da namiji daga fili yana tsaye. Ubale ya riga ya buga wa mahaifinsa waya ya ce ranar zai yi dambe, kuma yanzu ba shi da abin faɗa masa: bai yi kisa ba, ba a kashe shi ba, an dai ɗauke shi kamar mara lafiya. Ya tuɓe safar ya ajiye a gabanka. "Ban faɗi ba," ya ce. "Kowa ya gani ban faɗi ba." Ka ce, "Na gani." Ya ƙi zuwa asibiti a duba kansa, ya ɗauki jakarsa ya fita. Daga ranar bai sake hawa matakalar nan ba, bai kuma ƙara ɗaukar wayarka ba.

A cikin gwangwanin nan na tarar da labarin dambenka na ƙarshe, a watan Fabrairu na 1981, turmi goma. Jaridar ta yaba maka, ta ce ka sha duka amma ka ƙare a tsaye, jama'a suka miƙe suna tafi. A bayanta an maƙale wata wasiƙar asibiti da ke cewa idonka na hagu ya daina gani, kuma ba zai dawo ba. Na kawo maka takardun biyu. Ka ce a turmi na shida ka faɗa wa mai horar da kai cewa kana ganin kamar an saki baƙin labule, shi kuma ya ce ka daure, saura kaɗan. Shekara biyu ina wurin ban taɓa lura ba cewa kullum kana ajiye mu ta damanka. Na ce bari in nuna wa Ubale. Ka ce, "A'a. Ba na so ya dawo don yana jin tausayina. Ka yi mini alkawari." Na yi.

Wata uku na riƙe wannan alkawari, kuma bai yi mini daɗi ba. Ina ganinka kowace safiya kana waiwayar ƙofa in ka ji takun mutum mai nauyi. Da ka kwanta asibiti, likita ya faɗa wa Anti Rosalind kada ta sa rai. Na aika wa Ubale saƙo ranar Litinin, ya amsa da "Allah ya ba shi lafiya", shi ke nan. Na san in ka tafi bai zo ba, abin zai zauna masa har tsufa. Na kuma san na ba ka kalmata.

Ranar Talata bayan azahar na sami Ubale a unguwar Masjid India, a shagon da yake cin shinkafa. Yana ganina ya ce, "Malam Mai Agogo, an aiko ka ne?"

Na ce, "Yaya Ubale, ba a aiko ni ba. An ma hana ni."

Na ajiye masa takardun biyu kusa da farantinsa. Ya karanta jaridar, ya karanta wasiƙar, ya koma kan jaridar. Can ya ce, "Wane idon?" Na ce na hagu. Ya ce, "Shi ya sa in na zagaya ta can yake zagina." Ya ture farantin ya ce yana da darasi, ya tafi. Na koma gida ina ganin na karya alkawari a banza.

Baba Koci, na saɓa maka, kuma ina faɗa a gaban jama'a don kada wani ya ɗauka da izininka na yi. Ka yafe mini.

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu da minti biyar na yamma Ubale ya shigo asibitin, kwana ɗari da tara bayan gasar. Ya durƙusa ya gaishe da Anti Rosalind irin gaisuwar gida, ita kuma ta rasa yadda za ta yi sai ta dafa kansa. Ya shiga ɗakin. Ta gilashin ƙofa na ga ya fara tsayawa ta hagun gadon, sai ya zagaya ya koma dama ya zauna. Minti ashirin da biyar ya yi a ciki. Ranar Asabar yana cikin mutum shida da suka ɗauki akwatin, shi Musulmi, tare da abokinmu Barnaba da wasu 'yan China biyu da 'yan'uwan Anti. Ranar Talatar nan da ta wuce ya karɓi makulli a hannunta ya buɗe wurin koyon damben da ƙarfe bakwai. Mutum tara suka zo. Na ji shi yana yi wa Glory tsawa ta kare haɓarta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Anti Rosalind, wadda ta zauna da shi shekara goma sha uku, da Janet da 'ya'yanta biyu a Hull, da dukan waɗanda ya taɓa naɗa wa hannu. Ubangiji ya jiƙan bawansa Norman, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa a wurin da babu ciwo. Ya ba iyalinsa haƙuri, ya riƙe mana wannan ɗakin da ya bari. Amin.

Akwai abubuwan da ban iya tabbatarwa ba, kuma gara in faɗe su da in cike da zato.

Ban san shekarar da ya zo Malesiya ba. Anti ta ce 1993, wata takardar aiki ta nuna 1994.

Akwai dambe guda a 1974 da na ga sakamakonsa amma gefen jaridar ya yage, babu sunan abokin karawar. Wanda ya sani ya sanar da ni.

Ban san ko dukan da ya sha a ƙuruciya yana da hannu a ciwon da ya ɗauke shi ba. Na tambayi likita sau biyu, ya ce ba zai iya cewa ba.

Ban san abin da zai faru da Ubale ba da an bar shi ya ƙarasa minti ɗaya da daƙiƙa goma sha tara da suka rage. Wataƙila da ya ci. Ba wanda zai taɓa sani.

Ban san ko Baba Koci ya iya magana a waɗannan mintoci ashirin da biyar ba, ko kuwa Ubale ne kaɗai ya yi. Na tambaye shi sau ɗaya, shekaranjiya, yana share filin kafin mutane su iso. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗage ƙafarka, Haggai, ka taka mini shara."