Rabin Bataliya 'Ya'yan Abdullahi

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, Saje Farajalla, wanda nake kira mijina, shi kuma yana kirana amarya mai ƙona miya. Ina da shekara goma a lokacin, na yi kukan da mutanen Umdurman suka ɗauka kogin Nilu ne ya yi ambaliya. Bana kam faɗa ne ya kawo ni jarida.

Kaka bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Yana ƙaramin yaro wani maniyyaci ya taho da shi daga ƙasar Hausa, da guzuri ya ƙare a hanya sai ya sayar da shi, aka raɗa masa Farajalla, sunan bayi. Ya yi kiwon raƙuma har gemu ya fara tsiro masa, sannan ya ji cewa duk bawan da ya sa kakin soja ya fi ƙarfin ubangidansa. Ya gudu da ƙafa har bariki. Magatakarda ya tambaye shi sunan uba, ya ce bai sani ba. Al'adar wurin kuwa, duk wanda bai san ubansa ba sai a rubuta masa Abdullahi.

"Rabin bataliyarmu 'ya'yan Abdullahi ne," in ji shi. "Wannan Abdullahi, amarya, ko zakara bai kama ƙafarsa ba."

Da wannan suna ya yi yaƙi da sojojin Italiya a duwatsun gabas, ya dawo da harsashi a cinya. Ni kuwa da rashin kunya nakan bi bayansa ina kwaikwayon ɗingishinsa, ya juyo da sanda yana cewa ya sake ni saki uku.

To, bana zan rubuta jarrabawa, makaranta ta ce sai da jinsiyya, wato takardar shaidar ɗan ƙasa. Babu ita, babu jarrabawa. Muka haye gada ni da Baba, wanda shi ma bai taɓa samun tasa ba, muka je wani ofishi a Khartum. Ma'aikacin ya karanta sunana, ya dubi fuskata, ya sake duban sunan.

"Farajalla? Ai mun san masu irin wannan suna. Ku kawo dangin kakanku ta wajen uba, mai jinsiyya, ya yi rantsuwa. Bukra."

Dangin uba! A ina za mu samo wa mutumin da aka sayar yana yaro dangin uba? Ranar da aka tura shi gaban igwa, wa ya ce sai ya kawo baffansa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bukrar nan tasu, wato gobe, mun yi ta binta har yaron motar bas ya fara tambayata nawa ne albashina a ofishin.

Da Baba ya gaji, ya kai kuka unguwar Kalakla wurin Baba Marjan, abokin yaƙin Kaka, mutumin duwatsun Nuba da bai san ko "sannu" a Hausa ba. Tsohon ya saurara har Baba ya gama. Washegari ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, wadda yanzu mutum uku irinsa za su shiga, ya biyo mu. Ya shimfiɗa takardun sallama biyu a kan tebur, tasa da ta Kaka.

"Ni ƙanensa ne, yaro. Karanta sunan uba, nan Abdullahi, can Abdullahi."

"Ya hajj, kai daga duwatsu, shi daga Najeriya. Ina kuka haɗa uba?"

"A inda kake shan shayi muna shan wuta. Hatimin wa ka gani a ƙasa? In ƙarya ce, ku kuka fara yin ta."

Ma'aikacin ya juya takardun sama da ƙasa, ya yi gumin da zai cika tulu, ya sa hannu.

Da Kaka yana raye da ya yi dariya har haƙoransa sun zube, duka biyun. Ni ma na yi, amma kafin mu kai gada ta ƙare mini. Jinin da ya zubar bai ishe su shaida ba, kabarinsa da ke Umdurman bai ishe su ba, sai sunan da wani magatakarda ya ƙaga don ya huta da tambaya. Anya da ya ga haka zai ce gudun da ya yi ya kai shi inda ya nufa? Ban sani ba. Na dai san bakinsa, da ma'aikacin nan ya ji abin da ko a kasuwar raƙuma ba a faɗa.

Kaka bai bar gona ba, bai bar gida na kansa ba. An ce ɗan'uwa rabin jiki, shi 'yan'uwan da ya yi wa kansa ya bar mana, kuma ƙarewa suke yi. Baba Marjan ya ce su uku suka rage a duk Khartum, ɗaya ma ba ya gani. Ni na samu takardata. Ƙanena Sani yana aji biyu, sai nan da shekara takwas zai tsaya gaban teburin nan. Shi ya sa kowace Juma'a nake kai wa tsohon kunu har Kalakla, ina tsaye a kansa sai ya shanye.