Kafin Can

Shekarun baya, lokacin farin da ya cinye mana dabbobi, na yi tafiyata ta farko ni kaɗai. Kafin nan Damagaram da kasuwar Mirriya ne iyakata. Jirgin ƙasa kuwa sunansa kawai nake ji, don ƙasarmu ba ta da shi.

Ƙauyenmu yana bayan Gaffati. Damina biyu rumbu ba kome, 'ya'yan anza masu ɗaci na daji muke jiƙawa mu ci. Mutanen gari suka yanke cewa in sabon wata ya tsaya, kowa ya tashi zuwa Damagaram inda ake rabon hatsi. Mahaifiyata ta ce ba da ita ba. Wana ya tafi haƙar kuza Jos shekara uku, ba labari.

"In ya dawo ya tarar da kango, wa zai tambaya?" ta ce.

"Inna, yunwa za ta kashe ki."

"To je ka kawo shi. In na gan shi, ku kai ni duk inda kuke so."

Saura kwana goma sha biyu wata ya tsaya. Na tafi Birnin Damagaram wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya yi lakwal, wato boko, yana aiki a buro, ofishin gwamnati, ana ce masa Mushe, kiran girma na 'yan boko a ƙasarmu. In yana zancen Kano da Ikko sai ka ce shi ya gina su. Na same shi a zaure da abokansa, na durƙusa na ce ya tsara mini hanya.

Ni ban iya karatu ba, don haka na zo da zaren kaba. Duk garin da ya faɗa sai in ƙulla. Matamai, ƙulli. Daura, ƙulli. Kano, in bar mota in hau jirgin Fatakwal. Zariya. Kaduna. Jos. Ƙulli shida. Ya ce zuwa da dawowa kwana goma.

"Amma jirgin ba ya shiga Jos," ya ce. "Ka sauka kafin can, ka hau wani."

"Kafin can ina, Kawu?"

Ya dube ni ta saman gilashi. "Kafin Jos mana. Hausar ma sai an fassara maka? In ka ga duwatsu ka ji sanyi, ka sauka."

Abokansa suka yi dariya, na sunkuyar da kai. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in tambayi kowa a cikin jirgi. In suka gane baƙauye ne, har wandona sai sun sace.

Na samu tsohon buhun gishiri, na ɗaura masa igiya biyu na goya. Tabarma, gora, ƙuliƙuli kaɗan. Zaren yana wuyana.

Har Kano kome daidai. Da na ga jirgin, na cire takalmi kafin in hau. Ba wanda ya sa ni. Zariya ta wuce, na matsa ƙulli. Kaduna ta wuce, na matsa. Saura ɗaya. Na manne da taga ina jiran duwatsu da sanyi.

Da hantsi muka tsaya wata babbar tasha. Rabin mutanen da ke tare da ni suka kwashi kaya, 'yan dako suna ta kira, "Kafancan, Kafancan." Na ce a raina, ai na sani, tun Damagaram nake kafin can. Sanyi ban ji ba. Na samu wuri har na miƙe ƙafa, ina ganin kaina mai wayo.

Jirgi ya ci gaba. Ƙasa ta yi kore, zafi ya ƙaru, masu hawa suna wani yare. Sai ga mu a kan gada, ƙarƙashinta kogi wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Na tuna mahaifiyata tana kankare gindin tulu. Wata dattijuwa mai fataucin doya, wadda ta daɗe tana kallona, ta ce, "Kai ɗan nan, ina za ka ne?"

Na riƙe wandona. Ta sake tambaya. Na ce Jos.

"Jos? Ai a Kafancan ake sauka."

"Shi nake jira, Hajiya. Mu zo kafin can ɗin."

Ta ajiye goron da za ta kai baki. "Gari ne, ɗana. Sunan gari ne. Mun baro shi tun hantsi."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

A Makurɗi na sauka. Kwana huɗu ina jiran jirgin arewa, ina ɗaukar doya a ka a ba ni abinci. Kafancan kwana biyu. Gari ne sosai, da kasuwarsa da masallacinsa. Na yi ta kallonsa kamar shi ya cuce ni.

A Jos na watsar da dokar kawuna. Masallacin farko na shiga na ce, ina 'yan Damagaram suke zama? Kafin la'asar ina gaban wana. Tambaya ɗaya. Ya ji saƙo, bai ko tsaya naɗe tabarmarsa ba.

Mun iso ƙauye kwana huɗu bayan tsayuwar wata. Ba kaza, ba hayaƙi. Tsofaffi biyu da su ma suka ƙi tashi suna zaune a gindin tsamiya. Ɗayansu ya ce shekaranjiya suka rufe mahaifiyata. Ya ce kullum sai ta ja jiki zuwa bakin hanya ta zauna, har ranar da ta kasa.

A gidan kawuna aka yi zaman makoki. Yana tsakiya da gilashinsa yana karɓar gaisuwa. Na bari aka shafa fatiha, na matsa.

"Kawu, ka taɓa hawa jirgin nan?"

"Yanzu ba lokacin wannan ba ne."

"Ka taɓa?"

Ya cire gilashin. "A bakin wani direba na ji hanyar. Haka kunnena ya ji."

"Na tambaye ka kafin can ina. Me ya hana ka ce ba ka sani ba?"

Ya dubi ƙasa. "Mutane suna zaune."

Wana ya riƙe mini hannu, don ya ga inda hannun ya nufa. Na fita. Shekara tara ban sake taka zauren nan ba.

An ce mini kwanan Inna ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da Allah ba. Amma da ta ga ɗanta. Kwana shida na ɓatar, biyu kawai nake bukata. Kuskuren kunne ba ya ba ni haushi, ni ma da kunnen nan na ji 'yan dako suna faɗar sunan gari na zauna kamar tulu. Abin da ke ci na shi ne mutum ya zaɓi kada abokansa su raina shi, ya tura yaro ƙasar da bai sani ba, kuma ya ɗinke masa baki. Ni ma da nawa laifin. Dariyar mutum huɗu ta hana ni tambaya ta biyu.

Daga baya na yi shekaru ina fataucin albasa a hanyar nan. In aka tambaye ni abin da ban sani ba, cewa nake ban sani ba, ko a gaban wa. Wasu suna cewa ba ni da kara. Su ce.

Kawuna ya rasu. Na je, na ɗauki makara, na ce na yafe. Zaren yana nan cikin akwatina. Ƙullinsa bakwai yanzu. Na bakwai ɗin a tashar Makurɗi na yi shi, tsakanin ƙullin Kaduna da na Jos, na ja shi da haƙori har kabar ta yanke mini leɓe.