Kalmomi Uku da Suka Jiƙa Malam

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da insha'i a sakandare. Ɗalibansa sun laƙaba masa suna A-Taƙaita, saboda abin da yake rubutawa ke nan a gefen kowace takarda. Shi ma yakan ce da za a ba shi dama, ko gaisuwar safe sai ya rage mata tsawo.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, shi kuma ya ishi mutanen gidan. Ran nan sai ga surukinsa, mijin babbar 'yarsa, wanda ke aiki a wani kamfanin haɗa na'urorin gida.

"Baba, akwai aikin da ya dace da ku," in ji shi. "Muna da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, muna ce mata Wakili. Mai gida zai yi magana, ita kuma ta kunna fitila ko fanka, ta ja labule, ta kulle ƙofa. To, ba ta ganin kayan da ido. Kowanne akwai ɗan bayanin da aka rubuta a kansa, shi take karantawa ta zaɓi wanda za ta taɓa. Muna neman mai duba bayanan nan, ya gaya mana ko suna shiryar da ita ko ɓatar da ita suke yi."

"Wato makin insha'i," Malam ya ce. Tuni ya fara laluben tabarau.

Aka ba shi tebur kusa da taga, da kwamfutar da yake dannawa da yatsa ɗaya. A bayan ofis akwai gidan gwaji: falo, kicin, da ɗan lambu mai ciyawa. Sati na farko bai ba kowa fiye da huɗu cikin goma ba. Wadda ta fi shan wuya a hannunsa wata injiniya ce mai yawan shiru. Ga abin da ta rubuta kan bututun fesa ruwan lambu: "Yana buɗe ruwan ban shuka a lambu. Ba na wanke hannu ba ne, ba na cika tanki ba ne. Kada a kunna shi sai an ambaci shuka ko ciyawa."

"'Yata, wannan ai surutu ne," Malam ya ce. "Wa ya tambaye ki abin da ba ya yi?"

"Malam, Wakili ba ya..."

"Duba ki gani." Ya goge komai, ya bar kalmomi uku: "Yana buɗe ruwa." Ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa.

Ranar gwaji ya sa farar rigarsa mai guga, don manaja zai halarta. Aka zaga falo da kicin lafiya. Da suka fito lambu, Malam ya shige gaba, ya tsaya a kan ciyawa daf da famfon wanke hannu, ya gyara murya.

"Wakili, buɗe ruwa in wanke hannu."

Famfo bai ko ɗiga ba. Ƙarƙashin ƙafafunsa ne wani abu ya yi tsaki, sai ruwa ya taso ta kusurwa huɗu. Malam ya yi tsalle yana ihu, "Rufe! Rufe!" Wakili kuwa ya rufe labulen falo.

Injiniyar ce ta kashe ruwan da hannu. Manaja ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Surukin ya kafa wa ƙasa ido kamar ya ga wani abin mamaki a wurin.

Malam ya matse hularsa, ya ce, "Wane ne ya rubuta bayanin nan?"

Sai ya ba kansa amsa.

"To, ku rubuta masa sifili. Na san shi, tsoho ne mai taurin kai."

Da rigar a jiƙe ya koma tebur, ya roƙi injiniyar ta maido da jimlolinta. Ta nuna masa inda Wakili ke rubuta dalilin zaɓinsa: ya ga kaya biyu masu ruwa, ya ɗauki wanda bayaninsa ya yi daidai da maganar da aka faɗa. Malam ya karanta sau biyu. Ɗalibansa na dā suna cike masa gurbin abin da bai faɗa ba da hankalinsu, shi kuma yana ɗauka gwanintarsa ce.

Yanzu shekararsa biyu a wurin. Ba ya ba da maki sai ya je gidan gwaji ya yi magana irin ta mutane, da in'ina da "abin nan" da komai. Shi ne ya gano cewa bayanin murhun lantarki bai hana kunna shi ba idan babu kowa a gida, aka gyara kafin ya shiga gidan wani.

Ashe kyamarar lambu ta ɗauki wankan nasa. Duk sabon ma'aikaci, Malam da kansa yake zaunar da shi ya nuna masa. In an zo wurin tsallen sai ya tsayar da hoton, ya nuna allo da yatsa, ya ce, "Ka lura da kyau. Wannan gwiwar ce likita ya ce ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba."