Tabon Kurkunu a Ƙafar Malam Ilu

Malam Ilu manomi ne a Tamawa. Yana saurayi ciwon kurkunu ya kwantar da shi damina guda. Ciyawa ta cinye gonarsa, shi kuwa yana zaune ana zaro tsutsar daga ƙafarsa ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Daga baya mutane suka koyi tace ruwan tafki, cutar ta ɓace.

Bara wata ɗaliba, Beatrice, ta zo daga Dutsin-Ma tana tattara labarin cututtukan da. Ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mata tabon.

Ya ce, "Ɗauki hoto, 'yata. Jikokina ma sun zaci ƙuna ce."

Bayan tafiyarta ya daɗe yana tunani, sannan ya kira jikokin ya ba su labarin da bakinsa.