Layin Farin Fenti

Jiya na ɗaga akori-kurata da jek, na shiga ƙarƙashinta ina neman inda wata ƙara ke fitowa, sai na ga layin farin fenti a kan kusar lowa am, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Hannun Baba ne, tsohon makanikenmu na Kafanchan da muka binne bara.

Ba ya taɓa kusar nan sai ya ja mata layi, don kada saitin taya ya goce. Ranar da ya ja wannan, lodin citta yana jirana a Kagarko, mota tana kan jek. Na ce, "Baba, ɗaure kawai, na makara!"

Ya ce, "Sauke ta tukuna, ɗana. Bari ta tsaya da ƙafarta, ta ɗauki nauyinta. In ka ɗaure a sama robar da ke jikin kusar za ta yage, a gangare za ka gane."

Da na sauke ta, ya kwanta a kan kwali, rigarsa tana warin baƙin mai. Ya danne kan kusar da sifana ɗaya, ya juya noti da ɗayar, yana nishi. Na ja mota na tafi, ko sannu ban ce masa ba. Ban sake ganinsa da rai ba.

Jiya notin ne ya saki. Na ɗora sifana, sai na ji kamar nishin nan a bayan kunnena. Na fito na sauke jek tukuna.

Baba, sannu da aiki. Ubangiji ya ba ka hutawa.