Bangon Kawu Mai Numfashi

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar Kawu Ɗanjumma birkila, Allah ya jiƙansa. Na sha faɗa a majalisarmu cewa duk Talata Mafara, ka haɗa da Bakura da Maradun, ba wanda ya gaji hannunsa sai ni.

Kawu na cikin waɗanda suka gina wani babban otal a Sakkwato tun ina goye. Gini ne hawa huɗu, fari fat, ba zane ba ado, rufinsa shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Abin kallon shi ne bangon gabas da na yamma: bulo ne mai huji, dubbai, kowane huji an karkata shi ƙasa ta waje. Rana ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, iska kuwa ko sallama ba ta yi. Kawu ne ya buga su da akwatin katako. Yakan ce gini ma numfashi yake so. A watan bazara, in ka tsaya a barandar nan sai ka nemi bargo. To, ko mayafi dai.

Bara na leƙa otal ɗin. An toshe bangon gabas da gilashi baƙi, an jera na'urorin sanyaya ɗaki. Ina zaune aka ɗauke wuta, sai ga manyan baƙi sun kwaso babbar riga a hannu suna tururuwa zuwa barandar yamma, wurin bulon Kawu. Da yana raye, hula kawai zai gyara. Ni kuwa har na kusa tsaga rigata don fankama.

Amma mai gadi ya ce wannan bangon ma ana maganar toshe shi. Na dawo gida hankalina a tashe, na karɓo akwatin buga bulon a wurin Inna Hajo, matar marigayin, na buga bulo, na tada wa zaurena bango da hannuna. Ko sun toshe nasu, aikin Kawu na nan a Mafara.

Ruwan farko na damina ya cika zauren har idon sawu. Ashe a kife na jera bulon.

Inna ta zo da sandarta, ta daɗe tana duban bangon, ta shafa shi.

Ta ce, "Bulon dai na Malam ne, ɗan nan. Amma shi iska ya yi ma hanya, kai ka yi ma ruwa."